Soyayyar Kirista a gidan 'yan mafiya: labarin mai tuba ko labarin mai gudu?

Littafi ɗaya ne, masu karatu biyu, kuma dukansu masu bi. Ta farko ta ba shi tauraro biyar, ta ce ya tuna mata babu mutumin da ya yi wa alherin Allah nisa. Ta biyun ta ba shi tauraro ɗaya, ta ce an ɗauko mai kisan kai an sa masa kwat mai tsada, an liƙa masa aya biyu a babin ƙarshe, sannan aka ce mata ga mijin kirki. Duk mai bin sharhin masu karatu a shafukan intanet na Goodreads ko Amazon ya saba da wannan rabuwar kai a kan littattafan soyayyar Kirista da ake kafa su a duniyar 'yan mafiya, wato ƙungiyoyin asiri na masu aikata manyan laifuka, waɗanda kowane rukuninsu ake kiransa gida. Wani ɓangare na saɓanin na ra'ayi ne, ba mai raba shi. Amma mafi yawansa yana zuwa ne daga cewa littattafai iri-iri ake sayarwa da suna guda, mai saye kuma ba ya gane wanne ya ɗauka sai ya yi nisa a ciki.

Manyan iri biyu ne. Na farko za mu kira shi labarin mai tuba: namijin yana cikin ƙungiyar tsundum, ko shugaban gida ne, ko magajinsa, ko mai karɓo bashi da ƙarfin tsiya, labarin kuma na fitarsa ne. Na biyu labarin mai gudu: matar ce ke neman tsira, ko 'yar shugaban gidan ce, ko akawun da ta ga abin da bai kamata ta gani ba a lissafin kamfani, namijin kuwa jami'in doka ne ko wani mutumin kirki da ya ɓoye ta. Akwai na uku da ke raɓe a gefensu, wanda ya fi su jawo ƙorafi. Za mu zo kansa.

Hannun da ya buga littafin

Kafin a buɗe shafin farko, wanda ya buga littafin yana faɗin abubuwa da yawa. Labarin mai gudu galibi yana fitowa ne daga tsofaffin kamfanonin ɗab'i na Amurka da Kanada. Kamfanin Harlequin yana da reshen Love Inspired tun 1997, ya ƙara sashen Love Inspired Suspense a 2005, wanda littattafansa gajeru ne, kalmomi kusan 55,000, a karance su a dare biyu. Bethany House da Revell da Tyndale suna buga masu tsayi, yawanci tsakanin kalmomi 80,000 zuwa 100,000. Duk waɗannan suna da edita da ƙa'idojin gida: ba ashar, ba kwatanta abin da ke faruwa a shimfiɗa, zubar da jini kuma a taƙaice. Wanda ya sayi ɗaya ya san iyakar da ba za a tsallake ba.

Labarin mai tuba kuwa mafi yawansa marubutan ne ke buga wa kansu, ta hanyar da Amazon ya buɗe a 2007. Dalilin a fili yake: kamfanin da ke tsoron ɓata wa tsofaffin abokan cinikinsa rai yana ɗari-ɗari da jarumin da hannunsa ke da jini. Wannan 'yanci ya haifar da littattafai masu zurfin da kamfani ba zai yarda da shi ba, ya kuma haifar da marasa kyau da babu wanda ya tace su. Akwai wani abu na kuɗi da ke shafar mai karatu kai tsaye. Tsarin Kindle Unlimited na Amazon, inda mai karatu ke biyan kuɗin wata ya karanta littattafan da ke ciki, ya fara a 2014, daga 2015 kuma ake biyan marubuci gwargwadon yawan shafukan da aka karanta. Shi ya sa ake samun jerin littattafai biyar, shida, kowane ɗan gidan da nasa, kuma wani lokaci a katse labarin a tsakiyar tashin hankali don a jawo ku zuwa na gaba. Tuban da kuke jira yana iya kasancewa a littafi na uku.

Haka kuma, marubuci mai buga wa kansa shi ke zaɓar rukunin da za a sa littafinsa, har uku, da kalmomin nema bakwai. Babu fasto ko edita da ke duba ko ya cancanci sunan "na Kirista". Nan ne iri na uku yake shigowa: littafin mafiya na gama-gari da aka cire masa batsa da ashar, aka bar sauran yadda yake. Jarumin yana kisa, yana kishi, yana mallaka, har ƙarshe yana kan kujerarsa, bambancin kawai an rufe ƙofar ɗaki. Mai neman labari mai tsafta kawai za ta iya gamsuwa. Mai neman bangaskiya za ta ji an sayar mata da angulu da kan zabo, kuma sharhi masu tauraro ɗaya da yawa daga nan suke fitowa.

Inda labarin mai tuba yake tsayuwa ko ya faɗi

Masu son wannan iri suna da hujja mai ƙarfi, kuma daga Littafi Mai Tsarki suke ɗauko ta. Shawulu yana kan hanyar kama masu bi aka tare shi. Ɗan fashin da ke kan gicciye ya sami alkawari a sa'arsa ta ƙarshe. In bishara ba ta iya kai wa ga mai karɓar kuɗin kariya, to ga wa take kai? Suna cewa labarin da kowa a cikinsa mutumin kirki ne tun shafin farko ba ya nuna girman gafara. Mun yarda da su. Matsalar tana wurin yadda ake rubuta tuban, kuma tambayoyi uku ne ke fallasa shi.

Ta farko, a ina tuban ya faɗo a cikin littafin? In ya riga ya tuba kafin labarin ya fara, tsohuwar rayuwa ce ke bin sawunsa, wannan ya fi sauƙin karɓuwa ga kowa, sai dai zafinsa kaɗan ne. In ya zo a tsakiya, wajen rabin littafin, marubuci yana da sauran shafuka ɗari ko fiye da zai nuna abin da tuban ya jawo: abokan da suka koma maƙiya, tsohon hali da ke taso masa, ranar da ya kusa komawa. Wannan ne wuri mafi kyau. In kuwa ya zo a babi biyu na ƙarshe, sau da yawa a gadon asibiti bayan harbi, babu sauran fili. Ya yi addu'a, an ɗaura aure, an rufe. Masu karatu da yawa suna kiran wannan tuban muzuru, ba don suna shakkar ikon Allah ba, sai don marubucin bai nuna musu komai ba.

Ta biyu, wa ya kai shi ga tuba, kuma me ya samu a kai? Nan ne iyaye mata da masu koyar da matasa suka fi ɗaga murya. Gargaɗin 2 Korantiyawa 6:14 a kan haɗa kai da marar bi sananne ne, kuma littattafai da dama na wannan iri suna koya akasin haka ba tare da sun faɗa ba: yarinya mai bi ta so mugun mutum, ta daure, ƙaunarta ta sauya shi. A rayuwa, mata da yawa sun shiga wannan rami da wannan tunani. Marubuci mai hankali yana raba su kafin tuban. Matar ta ce a'a, ta tafi, tana nufin abin da ta faɗa. Wani dabam ne ke zama da shi, fasto na gidan yari, ko dattijon da shi ma ya taɓa fita. Sai a ga mutumin ya ci gaba da bi a watannin da ba shi da wata alama cewa za ta dawo. In aka cire matar daga labarin tuban ya rushe, to ita ya tuba wa.

Ta uku ita ce wadda marubuta suka fi gudu: ina kuɗin? Gidan bene, motoci, jirgin ruwa, duk daga caca ta haram, bashi da ruwa mai yanka wuya, ƙwayoyi da tsoratar da masu shaguna suka fito. Zakka, a Luka 19:8, bai tsaya ga kalma ba: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya zalunta kuma ya mayar masa ninki huɗu. Littafin da jaruminsa ya tuba, sannan a sakin layi ɗaya aka ce ya "mayar da kasuwancin gidan na halal", amarya ta tare a gidan nan dai, ya tsallake wurin da ya fi muhimmanci. Kwatanta da marubucin da ya tsaya a nan. Mutumin ya shiga ƙaramin shagon da yaransa suka shekara goma suna karɓar ambulan duk ƙarshen wata. Mai shagon, tsoho, ya gan shi, hannunsa ya tafi ga aljihun tebur da kansa, don jikinsa ya saba. Mutumin ya ajiye takarda mai lissafin abin da aka karɓa, wata bayan wata, da kuɗin a kai. Tsohon bai taɓa su ba. Ya tambaye shi ɗansa fa, wanda ya bar makaranta a shekarar da aka ninka kuɗin, a wane layi yake a takardar? Babu amsa, babu runguma. Shafi biyu irin waɗannan sun fi wa'azi goma gamsar da mai karatu cewa wani abu ya faru da mutumin.

Doka ma ba ta yafewa don mutum ya yi baftisma. A Amurka, dokar RICO ta 1970, wadda aka yi don yaƙar ƙungiyoyin masu laifi, tana ba da damar ɗaurin shekara 20 a kan kowace tuhuma, da ƙwace dukiyar da aka samu ta laifin. Labarin Michael Franzese, wanda ya taɓa zama babba a gidan Colombo, ɗaya daga cikin gidajen mafiya biyar na New York, shi ne misalin da masu kare wannan iri suke yawan kawowa, domin ya haɗu da mace mai bi, ya aure ta, ya fita, ya zama mai wa'azi. Amma a duba farashin. A 1986 an yanke masa shekara 10, da umarnin biyan sama da dala miliyan 14. An sake shi a 1989, an mayar da shi a 1991, bai fito ba sai 1994. Mahaifinsa ɗan ƙungiyar ne, fitar ta shiga tsakaninsu. Littafin da ke son a gaskata shi dole ya ɗauki wani abu mai kama da wannan nauyi: kurkuku, ko ba da shaida, ko talauci, ko zaman ɗar-ɗar na shekaru.

Auren dole, sata da "kariya"

Labarin mai tuba ya gaji wasu dabaru daga littattafan mafiya na gama-gari: auren da aka ƙulla don biyan bashin uba ko sulhunta gidaje biyu, sace yarinya, kulle ta a gida da sunan tsaro. Masu karatu sun rabu a nan sosai. Wasu suna ganin auren ƙulli yana warware matsalar tsarki, tunda an riga an ɗaura, kuma yana ba da damar nuna mace mai bi a gidan marar bi kamar yadda 1 Bitrus 3 ya yi magana. Wasu suna cewa macen da aka kai da bindiga a bayan mahaifinta ba ta ba da yarda ba, kuma kiran zamanta biyayya ta ibada kuskure ne mai haɗari.

Abin dubawa shi ne yadda littafin kansa yake kiran abin. In mutumin yana bin diddigin wayarta, yana hana ta ganin 'yan'uwanta, yana dukan duk namijin da ya gaishe ta, shin marubucin yana nuna wannan zunubi ne da zai tuba daga gare shi, ko yana gabatar da shi a matsayin tsananin so? Shin matar tana da wani a waje, ikilisiya, ƙawa, lauya? Shin akwai wurin da ya buɗe ƙofa, ya ba ta fasfo ɗinta da hanyar tafiya ta gaske, ba gwaji ba? Ga macen da ta taɓa zama ƙarƙashin mai duka ko mai tsoratarwa, shawararmu kai tsaye ce: ta bar masu auren dole da sata gaba ɗaya, ko da an yabe su. Har masu kyau a cikinsu suna ɗaukar babi da yawa a cikin kejin kafin a buɗe shi.

Labarin mai gudu: ƙarfinsa da rauninsa

Wannan ya kauce wa kusan duk matsalolin da ke sama. Namijin mai bi ne ko mai neman komawa ga bangaskiyar da ya sake. Babu kuɗin haram a hannunsa. In mugun ya mutu ko aka kama shi, hukuma ce ta yi, don haka ba a shiga rikicin ramuwa da Romawa 12:19 ya hana ba. A labarin mai tuba kuwa wannan wuri yana ba marubuta wahala: sabon mai bi yana riƙe da bindiga a kan wanda ya kashe ƙaninsa, sai a ga wani ya harbe mugun daga gefe don hannun jarumi ya tsira. Masu karatu suna ganin wannan dabara, ba sa sonta.

Raunin labarin mai gudu shi ne kamanceceniya. A gajerun, duk abin yana faruwa cikin kwana uku ko huɗu: hari a babi na ɗaya, gudu a mota, ɓuya a wani gidan daji, an gano su, an sake gudu. Addu'a jimla ɗaya ce a tsakiyar harbi. 'Yan mafiyan ba su da fuska, maza ne kawai a baƙar mota. Soyayya kuma tana nuna kafin a san juna. Wanda ya karanta biyar a jere zai fara sanin shafi na gaba.

Akwai kuma kurakuran da masu sanin harkar suke kamawa. Shirin kare shaidu na tarayyar Amurka ya samo asali daga dokar 1970, ya fara aiki a 1971, kuma hukumar Marshal, mai tsaron kotunan tarayya, ce ke gudanar da shi, ba FBI ba. Wanda ya shiga yana samun sabon suna da sabon gari, yana yanke hulɗa ta kai tsaye da duk wanda ya bari, kuma shaidan da ke da laifi a kansa sau da yawa sai ya yi zaman kurkuku tukuna. Jarumar da ke kiran mahaifiyarta duk Lahadi, ko jami'in da ya faɗa soyayya da shaidar da yake gadi ba tare da ya sanar da shugabansa ya miƙa aikin ga wani ba, suna zubar da darajar littafin a idon mai lura. Ga littafin Kirista abin ya wuce kuskuren bincike, tunda jarumin da ake nuna mana a matsayin mai riƙon amana ya ci amanar aikinsa, labarin kuma bai ce uffan ba.

Amma akwai reshe ɗaya na wannan iri da, a ganinmu, ya fi duk sauran nauyi: inda matar 'yar shugaban gidan ce. Uban da za ta ba da shaida a kansa shi ne ya koya mata tuƙa keke, ya zauna bakin gadonta da ta yi zazzaɓi. An umarce ta ta girmama shi, an kuma hana ta rufa wa mai zubar da jini asiri. Gaba kura, baya siyaki. A nan 'yan mafiyan suna da fuska da murya, ana cin abinci da su a tebur ɗaya, dokar nan ta yin gum da ake kira omerta ta zama maganar gida. Irin wannan yana buƙatar tsayi, don haka a neme shi a cikin masu kalmomi 80,000 zuwa sama. Wanda ke son zurfin labarin mai tuba amma ba ya son jarumi mai jini a hannu, nan ya kamata ya fara.

Wace ikilisiya?

Wannan batu masu sharhi kaɗan ne ke ambatarsa kafin saye, amma yana ɓata wa wasu rai ƙwarai. Gidajen mafiya na asalin Italiya, Cosa Nostra ta Sisili, 'Ndrangheta ta Kalabriya, Camorra ta Napoli, sun taso ne a ƙasar Katolika, har rantsuwar shiga Cosa Nostra ana yin ta da ɗigon jinin yatsa a kan hoton waliyyi, a ƙona hoton a tafin hannu. Kasuwar littattafan Kirista ta Amurka kuwa mafi yawanta ta Furotesta ce. Sakamakon haka, a littattafai da yawa tuba yana nufin barin cocin Katolika, inda ake nuna fada a matsayin ɗan amshin shatan shugaban gida, a koma ƙaramar ikilisiya ta masu bishara.

Masu karatu 'yan Katolika suna cewa wannan rabin labari ne, kuma tarihi yana bayansu. Gaskiya ne an sami limaman da suka kawar da kai. Amma a ranar 9 ga Mayu 1993, a Agrijento, Fafaroma John Paul na Biyu ya ɗaga murya ya kira 'yan mafiya su tuba, ya tuna musu shari'ar Allah. Watanni huɗu bayan haka, ranar 15 ga Satumba, aka harbe Fada Pino Puglisi a ƙofar gidansa a unguwar Brancaccio ta Palermo, ranar da ya cika shekara 56, saboda yana janye yaran unguwa daga hannun ƙungiyar. Wanda ya harbe shi, da ya koma mai ba hukuma shaida, ya faɗi cewa fadan ya yi musu murmushi ya ce dama yana jiran zuwansu, kuma murmushin bai bar shi ya huta ba. Cocin Katolika ya ayyana Puglisi mai albarka, matakin da ke gab da zama waliyyi, a 2013. A Yunin 2014, a Kalabriya, Fafaroma Francis ya ce 'yan mafiya ba su cikin zumunci da Allah, korarru ne daga ikilisiya. Mai karatu ɗan Katolika ya duba sharhi ko akwai wanda ya koka a kan wannan. Haka ma in gidan na Rasha ne, inda asalin Otodoks ne.

Minti goma sha biyar kafin a biya kuɗi

A fara da sunan mai bugawa. In ɗaya daga cikin kamfanonin da aka ambata ne, batun tsafta ya kau, saura a tambayi ko labarin yana da rai. In marubucin ne ya buga, a nemi bayaninsa na gargaɗi, wanda masu gaskiya suke sawa a ƙarshen tallar littafin ko a shafin farko: kisa a fili, azabtarwa, fyaɗe a tarihin jaruma, fataucin mutane. Ma'aunin "zafi" na lamba 0 zuwa 5 da ake gani a sharhi ba shi da hukumar da ta tsara shi, 1 na wannan 2 ne na waccan, don haka a karanta bayanin da ke bayan lambar.

Sai a sauke samfurin kyauta, wanda a Kindle, manhajar karatu ta Amazon, kusan kashi 10 cikin ɗari ne na littafin. A cikinsa a lura da abu biyu. Shin marubucin ya nuna wani da laifin jarumin ya cuta, mai suna da fuska, ko agogonsa da faɗin kafaɗarsa kawai aka kwatanta? Littafin da bai nuna wanda aka zalunta a farko ba, da wuya ya nuna biyan hakki a ƙarshe. Shin bangaskiyar matar tana hana ta wani abu ko tana sa ta yin wani abu, ko sarƙar gicciye ce kawai a wuya?

Daga nan a tafi sharhi masu tauraro uku. Masu biyar sau da yawa na waɗanda aka ba kwafin farko kyauta ne, suna ɗoki. Masu ɗaya sau da yawa sun sayi iri ne da ba nasu ba. Masu uku su ne suka karanta har ƙarshe suka kuma faɗi inda ya yi rauni, kuma a wurinsu ake jin ko tuban ya zo a gurguje, ko an katse labarin. In uku daga cikinsu sun yi ƙorafi iri ɗaya, a gaskata su. A ƙarshe a duba ko littafin yana cikin jeri, ko jerin ya kammala, da kuma ko wannan littafin yana rufe labarin ma'auratansa.

Wa ya dace da wanne

Ga 'yan mata masu tasowa, 'yan shekara 15 zuwa 17, labarin mai gudu daga kamfani mai edita shi ne zaɓi, labarin mai tuba kuma sai babba ya riga ya karanta shi. Ga mai neman hutu bayan aiki, gajerun sun isa, muddin ba a jera su da yawa ba. Ga wadda ke da ɗa ko miji ko ɗan'uwa a kurkuku, labarin mai tuba mai kyau, wanda tubansa ya zo a tsakiya kuma aka biya farashinsa, yana iya zama ta'aziyya ta gaske, amma marar kyau zai yi mata ciwo, don ta san abin ba ya ƙarewa a babi biyu. Ita ce ta fi kowa buƙatar binciken nan na minti goma sha biyar.

Ga ƙungiyar karatu ta zumuntar mata ko matasa, labarin mai tuba ya fi ba da abin tattaunawa, ko da mai rauni ne, in an haɗa shi da nassi. A karanta 1 Sama'ila 25 a gefensa, inda Abigel ta tare Dawuda a hanya, yana tafe da mutum ɗari huɗu masu takuba, ta hana shi zubar da jini, ba ta kuma kare wautar mijinta Nabal ba. A raba littafin kashi uku, mako uku. A makon ƙarshe kowa ya zo da jerin mutanen da jarumin ya cuta tun daga babi na ɗaya, a bi su ɗaya bayan ɗaya a ga wanne marubucin ya koma kansa, wanne kuma ya manta da shi.